Harafi Mai Kofato

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, ku masu shagon buga takardu da ke kallon rumfata, ya kira ni wai in zo in ga abin mamaki. Ya juyo mini fuskar kwamfuta, sai ga harafina a ciki, baƙi ƙirin, da kaurinsa, da kofatonsa sama da ƙasa. Ya ce, "Ammu Garba, ba wannan ne ka ce ka shekara uku kana koyo ba?" Ya taɓa wani wuri, harafin ya yi tsawo. Ya sake taɓawa, ya rame har ya koma kamar tsinke. Ya cire masa kofato, ya mayar, yana dariya. "Kalas, an gama," in ji shi. "Ko shayinka bai huce ba."

Na tsaya baki buɗe. Na ga yaro ya ramar da harafi da yatsa ɗaya, bai ko tambayi a jikin me za a buga shi ba, ko wa zai karanta, ko daga ina. To tunda wuta ta ɗauke, injinanku sun yi shiru, ku jawo benci ku ji.

Aikin farko da maigidana Usta Jibril ya ba ni, ina ɗan shekara goma sha biyar, shi ne in yanka harafin Turanci guda ɗaya, wanda ake kira E, a jikin zinki. Usta Jibril a tashar jiragen ruwa ya yi ƙuruciyarsa yana sa wa buhuna da dilolin auduga alama, daga baya ya dawo nan garin Gadarif ya kafa rumfa kusa da kasuwar amfanin gona. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: cizal uku, ƙaramar guduma, magagari, mastara ta ƙarfe ta awo, da kututturen bagaruwa da ake ɗora zinkin a kai. Farantin da aka huda haruffa a jikinsa shi muke kira istamba. A ɗora shi a kan buhu, a tsoma guntun buroshi a buhiya, wato fenti, a daddanna. Ba a shafawa. In ka shafa, buhiya ta shige ƙarƙashin faranti, harafi ya fito da gemu.

Wata biyu ina kan wannan E. Duk wanda na yanka, sai Usta ya buga shi a tsohon buhu, ya sa in ja buhun a ƙasa daga bakin rumfa zuwa bakin hanya in dawo. Sannan ya rataye shi, ya ce in tafi gindin darbejiyar da ke ƙarshen layi in juyo. "Me ka gani?" In na ce E, sai ya ce, "Don ka san shi ne. Kira mai ruwan can." Sai a kira mai jakin ruwa, wanda bai san ko alif ba, a ce ya zana a ƙasa abin da ya hango. In ya zana ƙafa uku, na ci. In ya zana biyu da rabi, zinkin ya tafi juji.

Ku dubi harafin da kyau, ku bar ganin kauri kawai. A ƙarshen kowace ƙafa akwai wani ɗan gungume kwance, mai kusurwa huɗu, kaurinsa kusan ɗaya da na ƙafar kanta. Shi Usta ke kira kofato. Harafin jarida ma yana da abu a ƙarshen ƙafa, amma siriri ne kamar gashin ido, a takarda kawai yake rayuwa. Buhu kuwa saƙa ce mai ramuka, tana shan buhiya, ana jifa da ita, ana taka ta, tana goga da 'yar'uwarta a bayan lori tun daga Simsim har bakin teku. Abin da ke fara cinyewa a harafi shi ne bakinsa. In bakin siriri ne, ya tafi, I ta koma sanda, E ta koma F. In da kofato, ko rabinsa ya goge, sauran yana nan yana gaya maka inda ƙafa ta tsaya.

Sai kuma gada. Harafi irin O, in ka zagaye shi da cizal, cikinsa zai faɗo ƙasa, ka tashi da rami. Dole ka bar masa siraran gadoji biyu da za su riƙe cikin. Ka yi su sirara sosai, su karye a buhu na hamsin. Ka yi su da faɗi, harafi ya rabu biyu. Babu mastarar da za ta gaya maka daidai, hannu ne ke sani.

Harafin nan na ihu ne, ba a hira da shi. Kalma biyu, uku, in ta yi yawa huɗu. Wani mai kantin magani ya taɓa matsa mini sai na rubuta masa duk abin da yake sayarwa da shi, layi tara. Na gaya masa, bai ji ba. Da muka ɗaga allon, shi da kansa ya ja da baya ya ce, "Ya satir! Wannan ai katangar bulo ce." Kofato yana son fili. In ka matse haruffa, kofaton wannan ya taɓa na wancan, kalma ta zama dunƙule ɗaya. Larabci kuma ba shi da kofato, don haka Usta ya ƙirƙiro nasa, mai kusurwa, mai nauyi, yadda in an jera shi da na Turanci a buhu ɗaya ba wanda zai danne wani. Da su na ci abinci shekara arba'in da wani abu: buhunan riɗi na fatake, ƙofofin sito, tankokin ruwa, bayan lorin da ke zuwa garin Doka.

Lokacin da aka sake buɗe sansanin gudun hijira na Um Rakuba, mutanen Habasha suna ta kwararowa, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni in rubuta alluna: wurin ruwa, wurin magani, bayan gida na maza da na mata. Larabci da Turanci ba matsala. Amma mutanen da aka yi allunan dominsu da nasu rubutun suke karatu. Aka samo wani malamin makaranta a cikinsu, ya rubuta mini kalmomin da fensir a jikin kwali. Na duba, na ga haruffan nasu duk ƙafafu ne, na ce a raina ai waɗannan kofato suke jira. Na zauna na sa wa kowace ƙafa nata, allo goma sha biyu, suka yi kyau har ina kiran mutane su gani.

Da malamin ya dawo, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Usta, me ka yi?" Ashe a rubutunsu, ɗan wutsiya ko ɗan lanƙwasa a ƙafar harafi shi ke sauya sautin gaba ɗaya. Abin da na rubuta ba kalma ba ce a kowane harshe. Ya nuna allon wurin magani ya yi ƙoƙarin karantawa, matan da ke wurin suka fashe da dariya. Ina da furfura a lokacin, amma haka na goge allo goma sha biyu, ya zauna kusa da ni kwana biyu yana cewa, "Ƙara kauri, kada ka ƙara ƙafa."

Yanzu sai mummunar shekara, shekarar yaƙi. Kun san ta, wasunku ita ta kawo ku garin nan. Mutanen Khartum sun riga sun zo, sai ga na yankin Jazira a bayansu, makarantu duk suka cika da iyalai, ana kwana a aji ana girki a filin wasa. Hanyar da kaya ke zuwa mana ta yanke. Buhiya ta ɓace a kasuwa, ko da kuɗinka a hannu ba ka samu.

Gab da damina Hajj Bashir ya aiko mini da buhuna, kamar yadda ya saba duk shekara. Yana da babban mashru'i, gonar da ake nomawa da tarakta, a wajen Simsim. Irin dawar da zai shuka ana cakuɗa shi da hodar magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa, kuma maganin nan guba ne. Aikina shi ne in buga wa kowane buhun iri kalmar guba da jar buhiya, Larabci a sama, Turanci a ƙasa, kowane harafi tsawon tafin hannu. Buhu ɗari biyu ya aiko. Na buɗe akwati, gwangwanin ja ɗaya da rabi ya rage mini. A tsohuwar istambata, wannan ba zai wuce buhu tamanin ba.

Ku ji da kyau, ba wanda ya ce in yi abin da na yi. Hajj Bashir cewa ya yi, "Usta, yadda ka saba." Da na aika masa cewa buhiya ba za ta kai ba, da ya nemo wata dabara, ko a ɗaura jan ƙyalle. Amma hadari yana haɗuwa, motocinsa suna jira, ni kuma ban taɓa mayar da aiki ba. Na ɗauko zinki na yanka sabuwar istamba, haruffa rabin tsawon na da, sirara, ba kofato. Na tsinka buhiyar da kananzir har ta zama kamar zoɓo. Buhu ɗari biyu suka samu, har da ragowa a gindin gwangwani. A ranar sun yi kyau, wallahi har sun fi na da tsafta. Ban ja ko ɗaya a ƙasa ba. Ban je ƙarshen layi na juyo ba.

Aka yi shuka, damina ta yi nisa, aka shiga watan da hatsi ke ƙarewa a gidaje. Wata makaranta a bayan unguwarmu an buɗe takiyya a cikinta, wato wurin da ake dafa abinci a babbar tukunya a raba wa masu gudun hijira kyauta. Mai kula da ita Hajja Nafisa ce, tsohuwar malamar makaranta daga Umdurman. Ta aiko a tambaye ni ko zan rubuta musu suna a bangon ƙofa, don masu kawo sadaka su gane wurin. Na ɗauki tsani da ɗan baƙin fentin da nake da shi na tafi da hantsi.

Na gama layin farko na sauko neman abin goge buroshi. Wata mata da ke yanka albasa ta zaro buhun da ta shimfiɗa a ƙasa ta miƙo mini. Na karɓa, har na kai buroshi, sai idona ya faɗa kan wani dusashen ja a jikinsa, kamar inda aka zubar da shayi ya bushe. Wani a sama, wani a ƙasa. Na auna tsakaninsu da hannu, yatsa huɗu. Tazarata ce. Na kai buhun hanci.

Na ce, "Hajja, buhun nan daga ina?"

Ta ce, "Sadaka ce. Hajj Bashir ya aiko mana uku daga sitonsa, Allah ya saka masa."

"An niƙa?"

"Biyu. Jiya muka tuƙa ɗaya, ga na yau can a wuta. Lafiya, Usta?"

Na waiga. Layi ya miƙe tun daga bakin tukunya har bayan azuzuwa, mata da yara da tsofaffi, kowa da kwano. Mata biyu sun gama tuƙi, ta uku ta tsoma mara ta ɗebo, wata yarinya ta miƙa kwanonta. Na yi ihu, amma da Hausa ya fito, "Guba ce!" Larabcin da nake yi tun ina yaro ya gudu daga bakina. Ba wanda ya juyo. Na sake ihu da Larabci, hayaniya ta haɗiye. Sai na sungumi tsanin na ruga, na sa ƙafarsa a wuyan tukunyar na tura da iya ƙarfina. Ta tuntsura daga kan duwatsu. Tuwon mutum ɗari da wani abu ya malale cikin laka yana tururi.

Sai wata mata ta fasa kuka. Wani mutum ya shaƙo wuyan jallabiyata ya kwaɗa mini mari, wani ya ɗauko icen wuta. "Mahaukaci! Abincin yara!" Na ɗaga buhun sama da hannu biyu ina cewa, "Ku karanta! Ku karanta abin da ke jiki!" Suka duba. Hajja Nafisa, wadda ta shekara talatin tana koyar da karatu, ta matso ta gyara tabarau ta duba sama da ƙasa. Ta ce, "Usta, ba komai a jiki."

Gaskiyarta. Ni kaɗai a duniya nake ganin rubutu a wurin.

Abin da ya cece ni buhu na uku ne, da ba a farke ba. Na roƙe su a kawo, na yanke ɗinkin, na zuba tafi ɗaya a kwanon ruwa. Dawar dama ja ce, shi ya sa ba a lura ba, kuma daga buhu kai tsaye aka kai ta injin niƙa. Ruwan ya juye ja-ja, wani maiƙo ya taso a sama. Wani manomi daga Jazira ya fito daga layi ya shinshina, ya ja da baya. Ya ce, "La haula! Tagawi ne. Irin shuka ne, da magani." Mutumin da ya mare ni ya saki rigata. Hajja Nafisa ta zauna daɓas a cikin laka. Ta ce, "Tun asuba yara ke amai. Mun ce ruwan sha ne."

Aka shiga azuzuwa ana fito da su, aka cika raksha, wato keke mai ƙafa uku, da amalanken jaki zuwa asibiti. Yawancinsu amai ne da jiri, kwana biyu suka tashi. Amma akwai wani dattijo, Malam Ɗayyabu, Bahaushe irinmu daga wani ƙauye a Jazira. Ba shi da haƙora, tuwo kawai yake iya ci, don haka 'yarsa Hauwa ta haɗa masa da nata rabon a daren tuƙin farko, ita ta kwana da shayi. Dama yana fama da ciwon suga. Kwana huɗu ya yi ya rasu. Na tambayi likitan da bakina. Ya ce jikin tsohon ya riga ya gaji, ba zai iya cewa hatsin ne ba, ba zai iya cewa ba shi ba ne.

Hajj Bashir ya zo makarantar a ranar da aka kifar da tukunya, rawaninsa a hannu. Ragowar iri ne da aka dawo da shi daga gona bayan lori ya kwana uku a laka kusa da Doka, ruwa na dukan buhunan. Aka jibge su a sito gefen dawar ci. Hajj Bashir ya kama mai tsaron siton a gaban jama'a zai kore shi, yana cewa makaho ne. Na ce, "Hajj, sake shi. Ko kai ka shiga siton nan ba za ka bambance ba. Ni na rage harafi, ni na tsinka buhiya." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Kai, Usta Garba?" A yammacin muka shiga siton da fitila, ni da shi da mai tsaro, muka farke buhu ɗaya-ɗaya muna jiƙawa a kwano. Muka sami wasu tara.

Bayan kwana bakwai da rasuwar, ina rumfa, wata mata ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe rabin fuska da tob, wato mayafi, tana riƙe da murfin ganga da aka buge ya miƙe. Ta yi sallama da Hausa.

Ta ce, "Kai ne mai rubutun buhun?"

Na ce, "Ni ne."

"An ce kuma kai ka kifar da tukunya."

"Ni ne."

Ta ajiye ƙarfen a kan kututture. "Ni ce Hauwa, 'yar Malam Ɗayyabu. In hanya ta buɗe, mu za mu koma Jazira, shi yana nan. Ƙannena biyu ban san inda yaƙi ya jefa su ba. Wata rana za su zo neman kabarinsa, ba ni nan balle in nuna musu. An ce duk garin nan ba wanda ya kai ka." Ta turo ƙarfen gabana. "Ka rubuta yadda ka iya, Baba. Ba yadda ka yi wancan ba."

Ba ni da buhiyar da zan amince da ita, ko cokali ɗaya. Sai na zana sunan da alli, da Larabcin Usta Jibril mai nauyi, na ɗauki cizal na huda ƙarfen kansa, kamar istamba. Murfin ganga ba zinki ba ne. Kwana uku na yi a kai, cizal ɗaya ya karye, na bar gadoji masu faɗi yadda tsatsa za ta daɗe ba ta cinye su ba. Na bi kowane baki da magagari don kada ya yanki hannun mai shafawa.

Da ta dawo, ta ɗaga shi da hannu biyu ta duba. Ashe ba ta yi karatu ba. Ta ce in nuna mata inda sunan ya fara. Na nuna. Ta sa yatsa a ramin farko, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, tana faɗin sunan mahaifinta a hankali. Ta kwance bakin tob za ta ciro kuɗi, na girgiza kai, ba ta matsa ba. Ta rungume ƙarfen a ƙirji, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ba ta ce ita ta yafe ba. Ni ma ban tambaya ba.